Yadda Ake Buɗe Zancen Ciwon Ƙwaƙwalwa Ba Tare da an Kunyata Kowa ba

Lacca ba ta cika sauya zuciyar mutum ba. Na sha zama a taron wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a haska alƙaluma a jikin bango, a tafa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin a kai bakin ƙofa sai ka ji wani ya ce wa abokinsa, "Kai, yau ba ka sha maganinka ba ko?" a kwashe da dariya. Bayani ya shiga kunne, ƙyama kuwa tana nan daram.

Masana ma sun lura da haka. A watan Oktoban 2022 mujallar likitanci ta Lancet ta fitar da rahoton wani kwamiti kan kawar da tsangwama, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Graham Thornicroft na Landan da Charlene Sunkel ta Afirka ta Kudu, wadda ita kanta take rayuwa da cutar sikizofireniya, wani matsanancin ciwon ƙwaƙwalwa mai rikita tunani. Bayan sun tace tarin nazarce-nazarce, abin da suka tarar ya fi komai aiki shi ne cuɗanya: mai ƙyamar ya zauna da wanda ya taɓa ciwon, ya ji labari daga bakinsa. Rahoton ya kuma nuna cewa da yawa daga masu ciwon suna cewa tsangwamar ta fi musu ciwon kansa zafi.

Samun wanda za a yi cuɗanyar da shi ba wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin kowane 8, wato kusan mutum miliyan 970, yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ke nan muna tare da su a ofis ɗaya, a aji ɗaya, a gida ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zancen. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa a nan na tara shi ne a kan bencin jira na asibiti, ina rakiyar ƙanena da ya yi fama da ciwon damuwa, da kuma ta bakin mutanen da suka yi ta zuwa wurina bayan sun ji cewa gidanmu ba ma ɓoyewa.

Abin da za ka lura da shi tukuna

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan fannin fuska takan yi ƙarya. Mai ciwon damuwa yana iya fitowa fes, ya gaisa da kowa, ya ba da dariya a wurin aiki, ya koma ɗaki ya kasa ko cire takalmi. Don haka ka fi sa ido kan sauyi. Mai son hira ya daina ɗaga waya. Wanda ba ya makara ya fara makara. Barci ya ƙaurace masa, ko ya yi yawa fiye da kima. Abin da da yake sa shi zumuɗi yanzu ko kallo bai ishe shi ba. Wani kuma, musamman a cikin maza, faɗa ne zai ƙaru, abu kaɗan ya hau tsawa.

Likitoci suna auna ciwon damuwa da tsawon lokaci: aƙalla mako biyu, mafi yawan yini, kusan kullum, har ya taɓa aiki ko karatu ko zama da mutane. Wannan ne ya raba shi da ɓacin ran kwana biyu. Sau da yawa ma ta jiki yake fara magana: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, kasala. Mutum ya yi ta zagayen gwaje-gwaje ana ce masa ba a ga komai ba. Mai jego kuma, idan kuka da ƙunci suka wuce mako biyu da haihuwa ba su lafa ba, kada a bar shi a kan gajiyar raino. Fiye da kashi 10 cikin 100 na masu ciki da masu jego a duniya suna samun ciwon damuwa.

Duk wannan don ka san lokacin magana ne. Sanya wa ciwo suna aikin likita ne, kada ka karɓe masa.

Zaman da za ku yi

Wuri ya fi rabin aikin. Kada ka kira mutum ka ce, "Zo, ina da magana da kai," ka zaunar da shi gaba da gaba kamar mai laifi. Kada kuma a haɗa masa taron dangi. Ka nemi lokacin da kuke gefe da gefe: kuna tafiya a ƙasa, kana tuƙi yana kusa da kai, kuna gyara wani abu tare. Idan ido ba ya cikin ido, harshe ya fi saki. Ƙanena a mota ya fara faɗa mini, da dare, muna jiran danja ta ba mu hannu. Yana kallon gilashi ya ce, "Yaya, ni fa duk safiya sai na ji haushin na farka." Danja ta saki, na ci gaba da tuƙi a hankali, ban juyo ba. Da na taka birki na zaro ido, na san daga nan zai ce wasa yake yi.

Ka fara da abin da idonka ya gani. "Na ga kwana biyu ba ka fitowa, kuma ka rame. Lafiya kuwa?" Zai ce lafiya lau, domin kowa haka yake cewa. Kada ka karɓi amsar farko ka wuce. Ka ɗan yi shiru, ka sake tambaya ta wata hanya: "A'a, tsakani da Allah nake tambaya. Yaya barci?" Tambayar barci tana da amfani ƙwarai, don babu kunya a cikinta. Wanda ba zai taɓa cewa yana cikin ƙunci ba zai iya cewa ƙarfe uku na dare idonsa biyu. Daga nan sai ka bi zaren: "Me yake zuwa maka a rai a lokacin?"

Sai abu mafi wuya, wato ka rufe bakinka. Shirun da ke biyo bayan irin wannan tambaya yana da nauyi, kuma za ka ji kamar dole ka cike shi. Kada ka cike. Ka ƙirga numfashinka idan ya zama dole. Mutum yana auna ka ne a cikin shirun nan, yana duba ko za ka iya ɗauka.

Idan ya fara magana, akwai kalmomin da ke zuwa bakinmu da kansu, kuma duk da kyakkyawar niyya ake faɗarsu. "Ka cire abin a ranka." "Kai da kake da aiki da iyali, me ya dame ka?" "Wasu sun fi ka shiga matsala." "Namiji ne kai fa." "Ƙarancin imani ne." Kowace ɗaya daga cikinsu saƙo guda take isarwa: laifinka ne, kuma ba na son ji. Ta ƙarshen ta fi ci mini rai. Na ga masu ibada na gaske da ciwon ya kwantar, sai aka ƙara musu da nauyin cewa su ne suka gaza. Addu'a da ganin likita ba sa gaba da juna, kuma wanda zai yi wa mara lafiya addu'a yana iya yi masa a kan hanyar asibiti.

Abin da ke aiki gajere ne. "Na ji ka." "Wannan abu da nauyi." "Tun yaushe kake ɗauke da shi kai kaɗai?" "Na ji daɗi da ka faɗa mini." Kada ka ce ka san yadda yake ji, sai in ka taɓa shiga, ko da ka taɓa, ka faɗa a jimla ɗaya ka mayar masa da fili. Mutane da yawa suna ƙwace zancen a nan, a wayi gari mara lafiyar ne yake lallashin mai lallashi.

Kafin ku rabu ka tambaye shi abu biyu: me yake so ka yi masa, kuma wa ya yarda ya sani. Amsar ta biyu amana ce. Idan ya ce kada kowa ya ji, har matarka ba ta cikin lissafi. Yawancin waɗanda suka kulle bakinsu har abada sun taɓa buɗewa sau ɗaya, suka ji labarinsu a bakin wani.

Tambayar da kowa ke tsoro

Wuri ɗaya ne amanar sirri take da iyaka, shi ne inda rai yake cikin haɗari. Fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu a duniya kowace shekara. Idan ka ji kalmomi irin su "na gaji da rayuwa", "gara ba na nan", "na zame muku kaya", ko ka ga mutum yana raba kayansa yana sallama ba dalili, ka tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Da waɗannan kalmomin, ba da kewaye-kewaye ba.

Na san abin da zuciyarka za ta ce: kada in sa masa tunanin da ba shi da shi. An yi bincike a kan wannan sau da dama, kuma tambaya ba ta dasa tunanin. Sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin mutum ya ga akwai wanda bai gudu ba. Idan ya ce e, kada ka yi masa wa'azi ko faɗa, kada kuma ka yi alkawarin rufa asiri. Ka tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ko ya tanadi wani abu. Idan ya tsara, kada ka bar shi shi kaɗai. Ku nufi sashen gaggawa na asibiti, ko ka kira lambar agajin gaggawa ta inda kake. Ka kawar da abubuwa masu haɗari daga kusa da shi: tarin ƙwayoyi, maganin ƙwari, makami.

Kada ka raina wannan mataki na ƙarshe. Matsanancin yanayin yakan zo ya wuce, wani lokaci cikin mintuna ko sa'o'i, kuma duk abin da ya kawo jinkiri yana ceton rai. Siri Lanka ta haramta magungunan feshin gona mafiya guba a matakai daban-daban, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa shekaru 20 bayan haka yawan masu kashe kansu a ƙasar ya ragu da fiye da rabi. Abin da ƙasa ta yi da doka, kai ma kana iya yin ƙaraminsa da kwaɗo da makulli.

Idan kai ne mai ciwon

Ba kowa ne ya cancanci jin labarinka ba, kuma babu wanda yake bin ka bashin bayani. Ina faɗar haka ne don wasu masu fafutuka suna magana kamar duk wanda bai fito fili ba matsoraci ne. Ba haka ba ne. Akwai wanda ya faɗa ya rasa aiki, akwai wadda ta faɗa aka fasa aurenta. Magana zarar bunu ce, don haka ka zaɓi mutum ɗaya tukuna, wanda ka taɓa gani ya riƙe sirrin wani.

Ka shirya jimlarka ta farko tun kafin ku haɗu, don ita ce take maƙalewa a maƙogwaro. Wani abu kamar: "Akwai abin da nake fama da shi, ina ganin likita a kai. Ba shawara nake nema ba, so nake kawai ka sani." In baki ya ƙi, ka rubuta saƙo. Ka kuma faɗi abin da kake buƙata dalla-dalla, domin mutane suna son taimakawa amma ba su san ta ina ba: "Ka riƙa kirana ranar Lahadi." "Ka raka ni asibiti ranar Talata." "Idan na ƙi fitowa kada ka yi fushi, amma kada ka daina gayyatata."

A wurin aiki lissafin daban ne. Ba sai ka faɗi sunan ciwo ba. Ya isa ka ce kana da larurar lafiya da likita yake bi, kana buƙatar fita ranar kaza ko sauyin lokacin shiga. Ka nemi sanin abin da dokar ƙwadago ta ƙasarka ta tanada kafin ka yi magana, kuma duk abin da aka amince a kai a sa shi a rubuce.

Wani zai ba ka kunya. Zai yi shiru ya sauya zance, ko ya fara yi maka magana a hankali kamar yaro. Wannan gazawarsa ce. Wasu sukan dawo bayan kwana biyu da hankalinsu, wasu ba sa dawowa.

A cikin jama'a

A nan ne mu masu lafiya muke da aiki mafi sauƙi, kuma shi muka fi gudu. Idan aka yi ba'a da mai taɓin hankali a hira ko a zauren WhatsApp, ba sai ka tashi da faɗa ba. Wanda aka kunyata a gaban mutane kare kansa zai yi, ba zai saurara ba. Ni abin da nake cewa, da murya ta yau da kullum, shi ne: "Ƙanena ma yana shan irin maganin, kuma lafiya lau yake aikinsa." Da izininsa nake faɗa. Wurin yakan yi tsit na ɗan lokaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ke biyo baya: sai an watse wani ya ja ni gefe ya ce, "Wane likita yake gani? Akwai wata 'yar'uwata..." Kusan kullum akwai wata 'yar'uwa. Wani lokaci ma mai tambayar ne da kansa.

Idan ana yaɗa bidiyon wani da ciwo ya tasar wa a titi, kada ka tura, ka kuma nemi mai turawa ya goge. Mutumin nan zai warware, ya tarar da kansa a wayar kowa.

Za ka ci karo da masu cewa ai irin waɗannan mutane haɗari ne. Mafi yawansu ba sa cutar da kowa, kuma masu matsanancin ciwo sun fi zama waɗanda ake zalunta. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton samun masu larurar ƙwaƙwalwa ɗaure da sarƙa ko kulle a ɗaki a ƙasashe 60. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce masu matsananciyar larura suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, galibi saboda cututtukan jiki da za a iya karewa. Idan ana maganar wanda ya kamata ya ji tsoron wani, lissafin a juye yake.

Akwai wani tarko da masu kyakkyawar niyya ke faɗawa. Don su wanke mara lafiya daga zargi, sai su ce ai cutar ƙwaƙwalwa ce kawai, a jini take, gado ce. Bincike ya nuna cewa wannan bayanin yana rage ɗora laifi, amma yana iya ƙara wa mutane tunanin cewa ciwon ba ya warkewa kuma mai shi abin tsoro ne. Gaskiyar ta fi haka faɗi: akwai gado, akwai talauci da bashi, akwai rasuwa, duka, yaƙi, kaɗaici, ƙwaya, da ciwon jiki mai tsawo. Duk lokacin da ka yi bayanin sanadi, ka haɗa da cewa ana jinya ana samun sauƙi, mutane suna komawa aiki da karatu da aure.

Ranar 10 ga Oktoba ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, tun 1992 ake yin ta. Tana da amfani a matsayin dalilin ɗauko zancen a makaranta ko ofis. In za a shirya taro, a rage jawabai, a nemi wanda ya taɓa ciwon kuma ya yarda da kansa ya yi magana, a ba shi lokaci mafi tsawo. Idan zancen kashe kai ya taso, kada a bayyana hanyar da aka bi.

Daga hira zuwa jinya

Hira ƙofa ce, ba ita ce ɗakin ba. Amma kada a raina ta. A Zimbabuwe likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, su saurari mutane, su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka buga a mujallar likitanci ta JAMA a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Sai dai ka lura, horo aka ba su, kuma sun san lokacin da za su miƙa mutum gaba. Kai ma ka san naka.

Ba lallai ne a fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba, wanda sunansa kaɗai yake korar wasu. Likitan da ake gani kullum yana iya fara dubawa, kuma yana da kyau ya duba, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna iya kama da ciwon damuwa. Ka ce, "Mu je tare a duba maganar barcin nan." Ka taya shi rubuta alamomin a takarda tun a gida, domin a gaban likita komai yakan gudu. Ka tambaye shi ko yana so ka shiga ko ka jira a waje.

Idan aka rubuta magani, ku sani cewa magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, illolinsu kuwa, irin su tashin zuciya ko jiri, sukan riga amfanin zuwa. A wannan tsakanin ne mutane da yawa suke jefar da su. Wasu kuma sai sun ji sauƙi su daina lokaci guda, ciwon ya dawo. Ragewa ko sauyawa sai da likita. Idan maganin farko bai karɓe shi ba, akwai wani, akwai kuma jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wadda ake yi ita kaɗai ko a haɗa da magani.

Ƙanena yakan ɓare takardar jikin kwalbar maganinsa ya zuba ƙwayoyin a wani mazubi, don kada baƙo ya karanta. Ban hana shi ba, amma na roƙe shi ya ɗauki hoton takardar ya adana a waya, saboda ranar da wani likita zai tambayi sunan maganin da adadinsa. Kai mai rakiya, ka rubuta ranar komawa asibiti a wayarka, ka kira shi kwana ɗaya kafin ranar. Ka kuma nemi yardarsa a sa mutum na biyu a cikin maganar, wanda zai karɓe ka ranar da ka gaji ko ka yi tafiya, ku raba ranakun kira a tsakaninku.